Supanoba mai tsananin haske

Supanoba mai tsananin haske fashewar tauraro ce da haskenta ya ninka na supanoba ta yau da kullum sau goma ko fiye. Da abu biyu ake nazarinta: jadawalin haske, wato yadda hasken ke hawa da sauka cikin watanni, da bakan haske, wato hasken idan aka warware shi launi-launi kamar bakan gizo, inda kowane sinadari ke barin nasa layi. Masana kan ƙera samfurin fashewar a kwamfuta, su yi ta gyara nauyin tauraron da ƙarfin fashewar har lissafi ya dace da abin da aka hango.

Tarihi

Robert Quimby, yana ɗalibi a Jami'ar Texas ta Amurka, shi ya gano biyu daga cikin irin waɗannan fashewa: SN 2005ap, sannan SN 2006gy a watan Satumba na 2006. Ta biyun tana cikin tarin taurarin NGC 1260, mai nisan shekarun haske kusan miliyan 240 (shekarar haske ita ce nisan da haske ke tafiya cikin shekara ɗaya), kuma ta ɗauki kwana wajen 70 kafin haskenta ya kai ƙololuwa. Tarin yana ɓangaren sama da ake kira Perseus, arewa da Kaza da 'Ya'yanta. Daga Zariya ana ganin wannan ɓangare a daren hunturu in hazo ya yi sauƙi, amma fashewar kanta sai da na'urar hangen nesa.

Tushen hasken

A supanoba ta yau da kullum, nikel-56 ne makamashi. Rabinsa yana rikiɗa zuwa kobal cikin kwana 6, rabin kobal ɗin kuma ya koma ƙarfe cikin kwana 77, shi ya sa hasken ke dushewa bisa ƙa'ida sananniya. Nikel ɗin da SN 1987A, wata supanoba da ba ta cikin masu tsananin haske, ta samar bai kai kashi ɗaya cikin goma na nauyin Rana ba. SN 2007bi kuwa, wadda mai tsananin haske ce, in nikel ne ya haskaka ta, tana buƙatar nikel da ya ninka nauyin Rana sau da yawa. Wannan ya sa a 2009 Avishay Gal-Yam da abokan aikinsa suka ce ƙaton tauraro ne ya tarwatse ɗungurungum, irin fashewar da aka yi hasashenta tun wajajen 1967.

Ba a daɗe ba aka ƙalubalance su. A 2010 Daniel Kasen da Lars Bildsten, da Stan Woosley a nasa ɓangaren, suka nuna cewa tauraron niyutiron (dunƙulallen ƙwayar tauraron da kan rage bayan fashewa) mai ƙarfin maganaɗisu, mai juyawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa, zai iya zuba ƙarfinsa cikin ɓaraguzan fashewar yayin da juyinsa ke raguwa. Bayani na uku shi ne karon ɓaraguzan da iskar da tauraron ya zubar kafin mutuwarsa, kuma siraran layukan haidurojin ne ke tona shi.

Abin takaicin shi ne samfuri biyu mabambanta kan dace da jadawali ɗaya. Sai an jira ɓaraguzan sun yi shara-shara, bayan watanni masu yawa, bakan haske ya nuna abin da ke ciki.

Saɓani

An gano wata fashewa mai suna ASASSN-15lh a 2015, da haske kamar na Rana biliyan 570. Wasu sun ce supanoba ce, wasu sun ce baƙin rami, wato abin da ƙarfin jansa ke hana ko haske kuɓuta, shi ne ya yayyaga tauraro.