Ƙungiyoyin Masu Laifi da Kasuwar Bayan Fage

Ƙungiyar masu laifi taron mutane ne da suka mayar da karya doka sana'a, da ubangida da yara, da rabon aiki da rabon riba. Kasuwar bayan fage kuwa nan ne hajarsu ke canja hannu. Hajar iri biyu ce: akwai wadda doka ta haramta ɗungurum, kamar hodar iblis da hauren giwa, akwai kuma kayan halal da aka biyo da su ta ɓarauniyar hanya don kauce wa kwastan, kamar shinkafa da fetur da magani. Abin da ya raba waɗannan mutane da ɓarawon akuya shi ne ɗorewa. In an kama ɓarawon akuya sata ta tsaya. In an kama ɗan ƙungiya, kafin a kai shi kotu an sa wani a gurbinsa.

Ma'ana a dokar duniya

A shekarar 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar yaƙi da irin waɗannan laifuka masu tsallaka iyaka. An buɗe ta don sa hannu a Palermo, babban birnin tsibirin Sisili na Italiya, ta fara aiki a 2003, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suka karɓe ta. A ma'aunin yarjejeniyar, mutum uku ma sun isa ƙungiya, muddin sun ɗauki lokaci suna aiki tare don samun kuɗi ta hanyar babban laifi, wato wanda hukuncinsa zai iya kai ɗaurin shekara huɗu ko fiye. Kuɗi shi ne ginshiƙin ma'anar. Shi ya sa a takarda ake ware 'yan ta'adda masu da'awar aƙida daban, ko da yake a daji bindiga ɗaya da dillali ɗaya suke amfani da su.

Ba a banza aka zaɓi Palermo ba. Nan ne gidan Mafiya, wadda 'ya'yanta ke kira Kosa Nostara. Babbar sana'arta ta asali ita ce karɓar kuɗin kariya: ɗan kasuwa ya biya duk wata, in ya ƙi a ƙone masa shago, kuma waɗanda ake biya don su kare shi su ne masu ƙonewar. Manomin Zamfara da ke biyan 'yan bindiga haraji kafin ya girbe gonarsa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Masu shari'a biyu, Giovanni Falcone da Paolo Borsellino, su suka haɗa babbar shari'ar 1986 zuwa 1987 da ta ɗaure sama da mutum 300. A 1992 aka kashe su duka da bam, wata biyu tsakani.

Inda ribar take

Haramci da iyaka su ke haifar da ribar. Duk abin da mutane ke so amma doka ta hana, ko wanda farashinsa ya bambanta tsakanin wannan gefen iyaka da wancan, to an buɗe wa wani kasuwa. Amurka ta gwada hana giya daga 1920 zuwa 1933. Mashaya ba su daina ba, sai dai cinikin ya koma hannun irin su Al Capone na Shikago, wanda a ƙarshe ba da laifin kisa aka ɗaure shi ba, da laifin ƙin biyan haraji ne a 1931. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne fetur. Shekara da shekaru tallafin gwamnati ya sa litar Nijeriya ta fi ta maƙwabta araha nesa ba kusa ba, don haka man ya riƙa sulalewa zuwa Nijar da Binin da Kamaru, inda a arewacinta har suna aka raɗa masa, zuwa-zuwa. Da aka janye tallafin ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga kusan naira 200 ta haura 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, ribar 'yan sumoga ta ragu ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Akasin haka aka gani da aka rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020: buhun shinkafar waje ya yi tsada, tsadar kuma ita ta sa ɗauko shi a babur ta cikin daji ya zama abin yi.

Abu na biyu da harkar ba ta tafiya sai da shi, cin hanci. Da ɗan gari akan ci gari. Kwantena ba ta fita tashar jirgin ruwa da ƙafarta, tirela kuma ba ta wuce shinge goma sha a ɓoye. Na uku shi ne halasta kuɗin haram, wato a zuba su a filaye da gidaje da gidajen mai da canji har asalinsu ya ɓace.

Ƙwaya

Ita ce kasuwar da ta fi kowacce suna. Ganyen da ake yin hodar iblis da shi kusan duka a Kolombiya da Peru da Bolibiya ake noma shi. Manyan masu saye suna Amurka da Turai, Afirka ta Yamma kuma ta zama zango tun cikin shekarun 2000, musamman Gini Bisau. A Satumbar 2022 hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta kama hodar da ta kai tan 1.8 a wani ɗakin ajiya a Ikorodu ta jihar Legas. Afganistan ta daɗe tana samar da fiye da kashi 80 cikin 100 na ofiyom ɗin duniya, wanda daga shi ake tace hiroyin. Da Taliban suka hana nomansa a 2022, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da ƙwaya ya ce noman ya faɗi da kashi 95 cikin 100 a 2023, sai Miyanma ta haye gaba.

Sai dai ƙwayar da ke cin matasan Bauchi da Gombe ba daga Kolombiya take ba. Ita ce tabar wiwi, wadda ake nomawa a dazuzzukan Ondo da Edo da kewaye, da tiramol, da maganin tari mai kodin. Tiramol maganin ciwo ne na gaske da likita ke rubutawa, galibi mai ƙarfin miligiram 50 ko 100. Wanda ke yawo a bayan fage mai 200 ne ko 225, yawanci daga Indiya, ta jirgin ruwa. Kafin ya iso hannun mai tebur a bakin tasha ya bi ta hannun mai shigowa da babban dillali da direba da ƙaramin dillali, kowa ya yanki nasa. Mai tebur ɗin, wanda ke ɓalle ƙwaya ɗaya-ɗaya daga kati yana miƙa wa lebura ko ɗan acaɓa da zai fita aiki da asuba, shi ya fi kowa ƙarancin riba, shi ya fi kowa saurin shiga hannu. Binciken da aka fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. A Mayun 2018 gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC.

Mutane da makamai

Safarar mutane iri biyu ce da ake yawan cakuɗawa. Akwai wanda ya biya a tsallakar da shi Hamada da yardarsa, akwai kuma wadda aka yaudara da alkawarin aikatau a Libiya ko ƙasashen Larabawa, ta isa aka ƙwace fasfo aka ɗora mata bashin da ba ya biyuwa. Sau da yawa na farkon kan rikiɗe ya zama na biyun a hanya. Agadas ce mahaɗa. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a Hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Damagaram, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Nijar ta yi dokar hana jigilar a 2015, direbobi suka koma hanyoyin da ba rijiya, sannan gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwambar 2023. Makamai kuwa, rushewar gwamnatin Gaddafi a 2011 ta watsa su cikin Sahel, aka haɗa da na rumbunan gwamnati da ke zurarewa da kuma ƙirar maƙeran gida.

Daji da abin da ke cikinsa

Bauchi da Gombe ba su da iyaka da wata ƙasa, amma suna da daji da titi. Gandun Yankari da ke ƙaramar hukumar Alƙaleri, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, yana ɗauke da ɗaya daga cikin garkunan giwa kaɗan da suka rage a Nijeriya, kuma mafarautan haure sun daɗe suna yi masa ɓarna duk da an hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989. Maharbin da ya kwana a daji abin da yake samu bai taka kara ya karya ba in aka gwada da farashin hauren a Asiya.

Haka labarin madobiya. Itacen da a da ake yin turmi da shi ake ba dabbobi ganyensa, sai ga masu yin kujerun alfarma a Sin sun buƙace shi. Cikin 'yan shekaru aka yi wa dazuzzukan Taraba da Adamawa aski, tireloli na ɗauke da gungume zuwa Legas, har hukumar yarjejeniyar CITES, mai lura da cinikin namun daji da itatuwa tsakanin ƙasashe, ta dakatar da cinikinsa daga Nijeriya a 2018. Jaki ma bai tsira ba. Ana dafa fatarsa a Sin a yi wani maganin gargajiya, abin da ya sa farashinsa ya gagari talakan da ke ɗibar ruwa da kai taki gona da shi. A Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da hana yanka jakuna don fata.

Kalare da Sara-Suka

Ana yawan tambaya ko 'yan Kalare na Gombe da 'yan Sara-Suka na Bauchi suna cikin wannan layi. Ta wani ɓangaren suna ciki, tunda suna da shugabanni da unguwanni da ubannin gida. Amma ƙarfinsu ya bunƙasa ne da bangar siyasa, musamman daga zaɓen 2003, ba su riƙe wata haja ba, kuma su kansu kwastomomin dillalan ƙwaya ne. Masu satar shanu da masu garkuwa da mutane su suka fi cika ma'anar: akwai mai ba da rahoto a cikin gari, mai kai abinci da fetur, mai ciniki a waya, mai karɓar kuɗin fansa, da mai shigar da shanun sata kara a sayar da su tamkar na kowa.

Hukumomi

Nijeriya ta kafa NDLEA a 1989, NAFDAC mai yaƙi da jabun magani a 1993, sai EFCC da hukumar hana safarar mutane, wadda yau ake kira NAPTIP, a 2003. A duniya akwai Interpol mai hedikwata a Liyon ta Faransa. Kame da ƙone kaya a bainar jama'a su suka fi fitowa a labarai, amma tarihi bai nuna cewa sare kan ƙungiya na kashe kasuwa ba. An harbe Pablo Escobar, madugun dillalan hodar iblis na Kolombiya, a birnin Medelin a Disambar 1993, cinikin ya koma hannun abokan hamayyarsa na birnin Kali, daga baya kuma ga ƙungiyoyin Meziko. Madugun ƙungiyar Sinaloa ta Meziko, Joaquín Guzmán, yana ɗaurin rai da rai a Amurka tun 2019, amma 'ya'yansa da tsoffin abokan cinikinsa sun ci gaba da tura fentanil, ƙwayar da ba ta buƙatar gona ko damina, sai sinadari da ɗaki guda.