Tallafin kuɗi ne ke hana aiki, ko ƙarancin albashi?

A fada da bakin kasuwa nan Tahoua, da an ambaci rabon kuɗin tallafi sai wani ya ce, “Ai an koya wa mutane zaman kashe wando.” Maganar tana da nauyi, shi ya sa ya kamata a bi ta a tsanake.

Da gaske tallafi yana sa lalaci?

A irin namu, da wuya. Shirin tallafin da gwamnatin Nijar ta fara a 2011 da taimakon Bankin Duniya jika 10 (sefa 10,000) ya riƙa bai wa gida a wata, tsawon wata 24, galibi a hannun uwargida. Gida mai baki bakwai ko takwas, wa zai ajiye hauya saboda jika 10? A 2017 Abhijit Banerjee, wanda ya samu kyautar Nobel a 2019, shi da abokan aikinsa sun duba shirye-shirye 7 a ƙasashe 6, ciki har da Maroko da Meziko, ba su ga alamar cewa masu karɓa sun rage aiki ba.

To daga ina zargin ya samo tushe?

Daga tsarin da ake janye tallafi da zarar mutum ya fara samu. A Ingila, kowane fam guda da mai karɓar tallafin gwamnati da ake kira Universal Credit ya samu da guminsa sama da wani ƙa'idajjen kaso, ana zaftare masa kashi 55 cikin 100 na wannan fam ɗin daga tallafin. Idan albashin dama kaɗan ne, dole ya yi lissafi kafin ya ƙara awoyi. Faransa ta fito da ƙarin kuɗi ga masu ƙaramin albashi a 2016 don toshe wannan ramin. A nan kuwa, macen da ta fara tuyar ƙosai ba a rage mata ko dala.

Me ke kashe wa matashi gwiwa ke nan?

Ladan aikin kansa. Mafi ƙarancin albashi ya tsaya a sefa 30,047 tun 2012, sai daga baya ya koma 42,000. Raba shi kwana 30, dala 280 (sefa 1,400) ke nan a rana. Cire kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa, cire na abincin rana, ka gaya mini abin da zai kai gida. Kuma wannan na wanda ke da takardar aiki ne. Yaron shago, mai gadi, ƴar aikin gida, yawancinsu abin da maigida ya yanke da baki shi ne. Ni abin da ke ci mini rai shi ne a kira ɗan Adar malalaci, alhali shi ne ke ɗaure kaya bayan girbi ya nufi Abijan ko Libiya bida, ya yi dako, ya yi talla cikin rana. Wanda ke gudun wahala ba ya ƙetare hamada. Albashin da ba ya ciyar da iyali ya guda.

Aikin gayya da ake biya fa, ba ya janye mutane daga gonakinsu?

Ya danganta da lokaci. Haƙar rabin wata da tassa, wato ramukan tare ruwan sama, a kan fako aikin rani ne, kuma gonar ce ke amfana. In aka bari ya shiga shuka, nan ne ake ɓarna.

Akwai tallafin da ke ƙara himma?

Akwai, kuma a ƙasar nan aka gwada. Binciken da mujallar Nature ta wallafa a 2022 ya bi matan karkarar Nijar masu karɓar tallafin wata-wata. An haɗa su cikin asusu, an koya musu sana'a, wasu aka ba su jarin jika 80 a dunƙule, wasu kuma aka zauna da su da jama'ar gari kan buri da yarda da kai. Bayan wata 18, abin da suke samu daga sana'o'in da ba noma ba ya ƙaru, cin gidajensu ma ya ƙaru.