Yi wa 'yan adawa kuɗin goro: abin da dokar Najeriya ta hana da abin da ta ƙyale

Da an kaɗa gangar siyasa, kalmar "duk" ce ke yawaita a bakin mutane. Duk 'yan jam'iyyar can ɓarayi ne. Duk wanda ya zaɓi wane ba ya kishin Arewa. Duk mabiyan wane jahilai ne, da taliya aka saye su. A faɗa a majalisa da yamma, sojojin baka su maimaita a rediyo da daddare, a wayi gari an yanko muryar tana yawo a WhatsApp. Shin irin wannan magana laifi ce a doka? Wani lokaci laifi ce, sau da yawa kuma ba laifi ba ce. Abubuwa uku ne ke bambanta su: wane irin rukuni aka zaga, wa ya yi zagin, kuma a ina aka yi shi.

A fara da Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 39 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, sashe na 45 kuma ya ba majalisa damar taƙaita wannan 'yanci saboda tsaro, zaman lafiya da kare haƙƙin wasu. Akwai sashe na 42 da mutane ke yawan kafa hujja da shi, domin ya ambaci ra'ayin siyasa cikin abubuwan da ba a yarda a nuna wa ɗan ƙasa bambanci a kansu ba. Sai dai doka da hukuma ya ɗaure wa hannu. Idan ƙaramar hukuma ta hana manomi taki don jam'iyyarsa, sashen zai yi masa aiki. Idan maƙwabcinsa ne ya kira shi sakarai don jam'iyyarsa, ba nan zai je ba.

Dokar da ta fi shiga maganar kai tsaye ita ce Dokar Zaɓe. Sassa da tarar da ke tafe kamar yadda suke ne a dokar 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita. Sashe na 92 ya hana cakuɗa kamfe ko taken jam'iyya da zagin da zai sosa ran mutane ta fuskar addini, ƙabila ko ɓangaranci, kai tsaye ko a fakaice. Ya hana ashar, ƙazafi, habaici da gugar zana waɗanda aka shirya don su harzuƙa mutane, ko waɗanda za su iya harzuƙa su. A lura da wannan: ba sai an kama suna ba, habaici ma ya isa. Ya hana yin kamfe ko sukar ɗan takara a masallaci, coci, ofishin 'yan sanda da ma'aikatun gwamnati. Ya hana fito da dodanni, ya kuma hana ajiye ƙarti don razana abokan hamayya, wato irin su 'yan daba a Kano, 'yan kalare a Gombe da 'yan sara-suka a Bauchi. Ɗan takarar da aka samu da laifi, tararsa ba ta wuce naira miliyan 1 ba, ko ɗaurin wata 12. Jam'iyya kuwa naira miliyan 2 ce a karon farko, miliyan 1 idan ta sake.

Ga giɓin da ke ciki. Hukuncin zagi da habaici a wannan sashe kan jam'iyya da ɗan takara ya tsaya. Mai magana a rediyo wanda ba ya takarar komai, ko da kowa ya san wa ke biya masa kuɗin fili, ba shi ne aka ambata ba. Shi sashe na 97 ne ke kama shi, domin ya ce ɗan takara, ko wani mutum, ko ƙungiya, duk wanda ya yi kamfe ko ya watsa shiri bisa dalilin addini, ƙabila ko ɓangare don tallata ko kushe wata jam'iyya ko ɗan takara, ya yi laifi. Tarar mutum na iya kai naira miliyan 1, ko ɗaurin wata 12, ko a haɗa masa duka biyun. Ta jam'iyya na iya kai miliyan 10. Malami ko fasto da ya ce wa mabiyansa zaɓen wane saɓon Allah ne saboda addininsa, ya shiga wannan sashe tsundum. Waɗannan tanade-tanade ba sababbi ba ne, a dokar 2010 su ne sashe na 95 da na 102. Lambobin kan sauya duk lokacin da majalisa ta sake rubuta dokar, don haka mai rubuta ƙorafi ya duba kwafin da ke aiki a ranar da aka yi maganar.

Idan a intanet aka yi maganar, dokar laifukan intanet ta 2015 ce ke shigowa. Sashe na 26 ya haramta zagi a bainar jama'a, barazana, da yaɗa abubuwan ƙyama ta kwamfuta ko waya a kan mutane saboda launin fata, zuri'a, ƙasar asali ko ƙabila, har da addini idan an fake da shi don kai wa ga waɗannan. Hukuncin ya kai ɗaurin shekara 5, ko tarar naira miliyan 10, ko duka biyun. A sake karanta jerin: babu jam'iyyar siyasa a ciki. Wanda ya rubuta a Facebook cewa duk 'yan jam'iyya kaza ba su da hankali ya yi rashin ɗa'a, amma wannan sashe bai kama shi ba. Da zarar ya cire sunan jam'iyyar ya sa Fulani, ko Ibo, ko Tibi, to ya taka doka.

Sashe na 24 na wannan doka shi ne 'yan sanda suka fi ɗauka, kuma shi ya fi shan suka. A yadda aka fara rubuta shi, saƙon da ya ɓata wa mutum rai ko ya zage shi ma laifi ne, sai aka riƙa kama 'yan jarida da masu sukar gwamnoni da shi. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, a 2024 kuma aka yi masa gyara. Yanzu ɓangarensa na farko ya taƙaita kan saƙon batsa, da saƙon da mai turawa ya san ƙarya ne amma ya tura don ya ta da hargitsi ko ya jefa rayuwa cikin haɗari. Zagi tsagwaronsa ya fita daga ciki.

Dokar da ta fi faɗi ita ce tsohuwar Final Kod ta Arewa, wato kundin hukunta laifuka. Sashe na 417 ya ce duk wanda ya nemi cusa ƙiyayya ko raini a kan wani rukuni na mutane ta hanyar da za ta yi wa zaman lafiya barazana, za a iya ɗaure shi har shekara 3, ko a ci shi tara, ko duka. Bai ce rukunin ƙabila ko na addini ba, don haka lauya na iya cewa magoya bayan jam'iyya ma rukuni ne. Amma sai mai gabatar da ƙara ya nuna barazanar ga zaman lafiya, jin haushi kaɗai bai isa ba. Ƙarar ɓata suna kuwa ba ta cika yin aiki a nan ba: idan aka ce duk 'yan jam'iyya kaza ɓarayi ne, ɗan jam'iyya guda ba zai ci diyya ba sai ya nuna cewa mai sauraro zai gane da shi ake.

Me ya sa dokokin suka fi tsaurara kan ƙabila da addini, suka sassauta kan jam'iyya? Jam'iyya riga ce, ana sawa ana cirewa. A Nuwamban 2013 gwamnoni 5 suka bar PDP suka koma APC a rana guda, ciki har da na Kano, Sakkwato da Adamawa. Ba wanda ke wayar gari ya sauya ƙabilarsa. Ban da haka, dimokuraɗiyya ba ta yiwuwa idan ba a iya caccakar jam'iyya, ko da caccakar ta yi zafi. Wannan hikima ce mai kyau a takarda. Matsalarta ita ce a Najeriya tazarar da ke tsakanin zagin jam'iyya da zagin ƙabila taku ɗaya ce.

Ɗan Adam bai buƙatar wani babban dalili kafin ya ware "mu" da "su". A farkon shekarun 1970, masanin halayyar jama'a Henri Tajfel ya raba 'yan makaranta gida biyu a Bristol ta Ingila, ya ce musu rabon ya dogara ne da wane mai zane suka fi so cikin biyu. Da aka ba su rabon lada, sai kowa ya fifita 'yan rukuninsa, waɗanda bai ma san ko su wane ne ba. Mutum yana ganin bambance-bambancen da ke cikin nasa gidan, ya san akwai na kirki akwai na banza, amma na can gidan duk fuska ɗaya yake gani. Idan nasa ya yi sata, wake ɗaya ne ya ɓata gari. Idan nasu ya yi, halinsu ne. Shafukan sada zumunta sun ƙara wa abin gishiri, domin rubutun da ya fi jawo faɗa shi ake ƙara turawa gaba, sai mutum ya riƙa ganin mafi rashin kunyar 'yan adawa ya ɗauka su ne wakilan sauran. Kanawa sun san wannan tun kafin waya: PRP jam'iyya ɗaya ce, amma da ta dare gida biyu, santsi da taɓo, sai da aka yi gaba tsakanin 'yan gida ɗaya.

A nan kuma akwai ƙarin wuta. Wanda ya ci zaɓe shi ke riƙe da kwangila, muƙami da rabon tallafi, don haka faɗuwar ɗan takara jama'arsa na jin ta a tukunya. Sannan ana karanta sakamako jiha-jiha, taswirar ƙuri'u ta zama kamar taswirar ƙabilu. A 2011 Buhari ya ci jihohi 12, dukansu a Arewa, Jonathan ya ci kusan dukan Kudu. A rikicin kwana uku da ya biyo bayan zaɓen, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga sama da mutum 800 da aka kashe a jihohin Arewa 12, aka raba kimanin 65,000 da gidajensu. Masu zanga-zanga sun far wa Kiristoci da 'yan Kudu bisa zaton PDP suka zaɓa, a Zonkwa da Kafanchan kuma aka far wa Musulmi. Ba wanda aka tambaya wa ya dangwala wa. Suna da lafazi aka duba.

To me ya sa da wuya a ji an ɗaure wani a kan sashe na 92 ko 97? Sashe na 145 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ɗora gurfanarwa a kan lauyoyin INEC, a kotun majistare ko babbar kotu. INEC ba ta da 'yan sandan kanta, ba ta kama mutum, sai ta jira fayil daga 'yan sanda, ga shi a daidai lokacin tana fama da shirya zaɓe da ƙararrakin bayansa. Kwamitin Mai Shari'a Uwais ya ba da shawarar kafa hukuma ta musamman kan laifukan zaɓe tun 2008, aka yi zaɓen 2023 babu ita. Shugaban ƙasa, gwamna da mataimakansu suna da rigar kariya ta sashe na 308 muddin suna kan kujera, ga su kuma su ne masu lasifika mafi ƙara. Tarar miliyan 1 ba ta kai kuɗin man ayarin kamfe na yini guda ba. Yarjejeniyar zaman lafiya da kwamitin Janar Abdulsalami ke sa 'yan takara su sa wa hannu tun 2015 alkawari ne na mutunci, kotu ba ta hukunci da ita.

An gwada hanyar tsanani, ba ta yi ba. Ƙudirin Sanata Aliyu Sabi Abdullahi na 2019, wanda ya tanadi rataya idan kalaman ƙiyayya suka jawo mutuwa, ya sha suka har ya mutu a majalisa. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 a 2020, amma a Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce hukumar ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tara. Fargabar masu suka tana da tushe, domin doka mai faɗin baki mai mulki ne ke fara amfani da ita a kan mai sukarsa.

Mai son auna ko magana ta kai a kai ƙara, ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a Rabat a 2012 zai taimaka masa, ko da yake ba dokar Najeriya ba ce. Ana duba yanayin da ake ciki, matsayin mai magana, niyyarsa, abin da ya faɗa da yadda ya faɗe shi, yawan waɗanda maganar ta kai gare su, da yiwuwar ta jawo ɓarna. Matashi mai mabiya 40 da ya yi ashar ba ɗaya yake da shugaban jam'iyya da ya hau mumbari ana gobe zaɓe ya kira wasu baƙi marasa asali ba. Kiran mutane da sunan ƙwari ko dabbobi alama ce mafi muni, shi rediyon RTLM ya yi a Ruwanda a 1994 da yake kiran Tutsi kyankyasai.

Ƙara da yawa kuwa a wajen hujja take faɗuwa. Hoton allo kaɗai rauni gare shi, ana iya cewa haɗa shi aka yi. A adana adireshin rubutun, sunan shafin, rana da lokaci, a sauke bidiyon gaba ɗayansa ba guntun da aka yanko ba, kuma a yi haka da wuri kafin a goge. A ajiye wayar da aka karɓi saƙon da ita, kada a sayar ko a wanke ta. Idan a rediyo ne, a rubuta sunan tasha, shirin da sa'ar da aka watsa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar tabbaci da ke bayyana na'urar da aka ciro hujjar da yadda aka ciro ta, idan babu ita lauyan wanda ake ƙara zai nemi a yi watsi da hujjar. A fassara maganar Hausa zuwa Turanci ta hannun wanda zai iya tsayawa a kotu ya kare fassararsa, musamman idan habaici ne. Laifin Dokar Zaɓe a kai shi ofishin INEC na jiha da 'yan sanda a rubuce, a karɓi kwafi mai hatimi. Laifin intanet kuwa Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin sauraronsa, ba kotun majistare ba.