Kulle saƙonnin waya da zanen yatsa ko fuska

Kulle saƙonni da zanen yatsa ko fuska wata hanya ce ta tsare hirar da ke cikin manhajoji irin su WhatsApp da Telegram da Signal, yadda manhajar ba za ta buɗe ba sai mai wayar ya ɗora yatsansa ko ya kalli kyamara. Mutanen Kamaru da Chadi ba baƙon abin ba ne a wurinsu, don ana dangwala yatsa wajen rajistar zaɓe da yin katin ɗan ƙasa, sai dai na waya daban yake, shi ba ya zuwa wani ofishi.

Apple ne ya yaɗa abin a 2013 da Touch ID mai gane yatsa a iPhone 5s, sai Face ID mai gane fuska a 2017, Android kuma ta shigar da na yatsa cikin tsarinta a 2015. WhatsApp sai a 2019 ya kawo nasa, iPhone a watan Fabrairu, Android a Oktoba, sannan a Mayun 2023 ya ƙara damar kulle hira ɗaya tak a mayar da ita wani ɓoyayyen wuri, ko saƙo ya shigo ba za a ga sunan wanda ya aiko ba balle abin da ya rubuta.

Wayar ba hoton yatsan take ajiyewa ba, layukan yatsan take aunawa ta mayar da su lissafi ta ɓoye a wani keɓaɓɓen sashe na cikinta, in WhatsApp ya tambaya sai dai ta ce masa e shi ne ko a'a ba shi ba ne, shi kamfanin ba ya ganin yatsan kowa. Apple ya ce yiwuwar yatsan wani ya buɗe wayarka 1 ce cikin 50,000, fuska kuma 1 cikin 1,000,000, amma fa wannan lissafin na iPhone ne. Da yawa daga cikin wayoyi masu sauƙin kuɗi da kyamarar gaba kawai suke gane fuska, babu mai auna zurfi, irin waɗannan har hoto yana iya ruɗar wasunsu, shi ya sa yatsa ya fi aminci a kansu.

To me yake karewa a zahiri? Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a rufe suke tafiya daga waya zuwa waya, MTN ko Orange ko Airtel ko Moov ba sa iya karanta su a hanya. Inda sirri yake tonuwa shi ne bayan saƙon ya iso, kuma a Garwa da Marwa da Ngaundare da Kusuri da Njamena waya ba ta zama a hannu ɗaya, za ka bar ta wajen mai caji in wuta ta ɗauke, ƙaninka ya ara ya kira, yara su karɓa su kalli bidiyo, mai gyara ya riƙe ta kwana biyu. A nan ne kullen yake aikinsa, kuma wallahi ba ƙaramin aiki ba ne, don a cikin hirar nan akwai takardar asibiti da maganar aure da bashin da ke tsakanin ɗan kasuwa da ubangidansa, kuma ba sirrinka kaɗai ba ne, har da na wanda ya yarda da kai ya rubuto maka.

Yana da gazawarsa. Lokacin hunturu fatar yatsa tana bushewa ta tsattsage, masu gini da makanikai da mata masu yawan wanki zanen yatsansu yana sudewa, sai na'urar ta yi ta ƙi, shi ya sa ake rajistar yatsa fiye da ɗaya. Mai barci ana iya ɗora yatsansa a waya bai sani ba, wanda aka tsare kuma ana iya tilasta masa. A 2013 ɗin ma, kwanaki kaɗan da fitowar Touch ID, ƙungiyar masana kutsen kwamfuta ta Jamus mai suna Chaos Computer Club ta buɗe shi da yatsan bogi. Kuma lambar sirri in ta fita ana canja ta, yatsa kuwa shi ke nan har abada.

Babban raunin dai lambar sirrin wayar ce, don duk wanda ya san ta zai iya shiga saiti ya ƙara nasa yatsan, kuma mutane da yawa 1234 suke sawa ko shekarar haihuwa, ko su faɗa wa mai gyara su manta ba su canja ba. Haka nan kullen ba ya hana satar akawun gaba ɗaya, irin wadda ake kiran mutum a ce ya karanto lambobi 6 na rajistar WhatsApp da suka shigo masa ta SMS, maganin wannan shi ne tabbatarwa mai mataki biyu da ke cikin saitin WhatsApp, wato ƙarin lambar sirri da mutum yake sa wa akawun ɗinsa. A Android ana zaɓar manhajar ta kulle nan take ko bayan minti 1 ko minti 30, wanda wayarsa take yawo hannu hannu nan take ɗin ya kamace shi, ya kuma kashe nuna saƙo a saman allo, kiran da ya shigo dai ana iya ɗagawa ko a kulle take.