Mota Kadara Ce? A Sake Lissafi

An daɗe ana cewa mota kadara ce, kamar fili ko gida. Hujjar ita ce wane ya sayi Corolla sabuwa fil, ya hau ta shekara uku, ya sayar fiye da yadda ya saya. Ai ba motar ce ta ƙara daraja ba, naira ce ta karye. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,400. Mayar da cinikin zuwa dala, za ka ga faɗuwa ya yi. Da kuɗin nan ba zai iya sayen wata sabuwar irinta ba.

Fili ba ya tsufa. Mota kuwa tun ranar da aka sa mata lamba ta zama ta hannu.

Abin da mai neman ƙaramar mota zai auna shi ne tazarar da ke tsakanin kuɗin saye da na sayarwa, ya haɗa da mai da gyara. Nan ne mota mai arha kan ba da kunya. Corolla tana da tsada, amma kayan gyaranta na nan birjik a Ƙofar Ruwa a Kano, kuma da wuya ka sami bakaniken da bai san injinta ba, shi ya sa dillalai ke rububinta. Baƙuwar mota wadda sai an yi odar fitilarta daga waje kuwa, sai ta yi watanni a bakin titi tana shan ƙura, mai ita yana ta rage farashi.