Magana Jari Ce ba daga bakin kaka ya fito ba

A Maraɗi, in ana hira a fada ana shan shayi aka taɓo matasan da ke ɗaukar tsofaffin labarai suna mayar da su fim ko muryar da ake turawa ta WhatsApp, ba a rasa dattijon da zai ce ɓata gado suke yi. Hujjarsa kullum ita ce Magana Jari Ce, wai tatsuniyoyin Hausa ne tsantsa da aka kwashe daga bakin kakanni.

Ba haka ba ne. Abubakar Imam ya rubuta littafin a Zariya, kundin farko ya fito a 1937, kuma da yawa daga labaran aro ne. Rupert East, Baturen da ke kula da hukumar talifi, ya tara masa littattafai: Alfu Laila wa Laila, tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan Grimm, da sauransu. Shi kansa akun da ke tsare ɗan sarki da labari don kada ya fita, asalinsa wani tsohon littafin Indiya ne, inda aku ke hana matar maigidansa fita da dare.

Gwanintar Imam ita ce yadda ya sa wa baƙin labaran rawani. Ya ba su sarki da waziri da dogarai, ya cusa karin magana, har Bakatsinen Maraɗi ya karanta ya rantse a bayan gidansu abin ya faru. Cikin matasan yau akwai masu kwaɓa, ban musa ba, amma aron da ake zarginsu da shi Imam ya riga su tun kafin a haifi iyayensu.