Yini Ɗaya a Malta: Me Fasinjan Jirgin Ruwa Zai Iya Gani da Ƙafa?

Manyan jiragen ruwan shaƙatawa da ke zagaya Bahar Rum ba sa daɗewa a zango. Su iso da sassafe, su ɗaga kafin magariba ko bayanta kaɗan. Malta, ƙaramin tsibiri da ke kudu da Sisili, tana cikin wuraren da suke yada zango. Yawancinmu sunanta muka sani a labaran baƙin haure da ake cetowa a teku daga Libiya, amma tana da wata fuskar daban.

A ina jirgin ke tsayawa, kuma yaya ake shiga gari?

A babbar tashar Grand Harbour, dab da gindin ganuwar Valletta, babban birnin ƙasar. Garin yana can bisa tudu, kai kuwa kana ƙasa a bakin ruwa. Tafiyar 'yan mintuna daga inda ka sauka akwai lif mai tsawon mita 58 da aka buɗe a 2012, wanda zai ɗaga ka har lambun Upper Barrakka. Mai ƙarfin gwiwa na iya hawa da ƙafa, amma a watan Yuli ko Agusta ba zan ba shi wannan shawarar ba.

Sai da biza?

Malta tana cikin Tarayyar Turai tun 2004, tana cikin yankin Shengen na ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kuɗinta Yuro ne tun 2008. Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar sai da bizar Shengen. Idan jirgin zai ratsa wata ƙasa da ke wajen yankin, kamar Tunisiya ko Turkiyya, sannan ya dawo, a nemi biza mai shiga fiye da sau ɗaya.

In biya kuɗin rangadin da jirgi ke shiryawa, ko in fita da kaina?

Idan Valletta kaɗai za ka gani, riƙe kuɗinka. Garin bai wuce kusan kilomita ɗaya a tsawo ba, titunansa a miƙe suke kamar an ja su da igiya, ruwa ya kewaye shi ta gefe uku. Ɓata a cikinsa sai da gangan. Ga Turanci harshen hukuma ne, ko'ina za a ji ka. Abin lura ɗaya shi ne matakala: wasu lungunan hawa da gangara ne zalla, don haka a sa takalmi maras tudu.

To daga ina zan fara?

Daga lambun da lif ya sauke ka. Daga nan ake hango tashar baki ɗaya, da tsofaffin garuruwa uku da ke tsallaken ruwa. Ƙasa da lambun akwai jerin igwa, ana harba ɗaya da ƙarfe 12 na rana da kuma 4 na yamma, ban da Lahadi.

Abin da kake hangowa fagen yaƙi ne. A 1530 Sarki Charles na Biyar, mai mulkin Sifaniya da Sisili, ya ba wata ƙungiyar mayaƙan Kirista, Jaruman Saint John, wannan tsibiri, harajinsu shaho ɗaya a shekara. A 1565 Sarkin Daular Usmaniyya, Sulaiman, ya turo runduna ta yi musu ƙawanya kusan wata huɗu, ba ta ci nasara ba. Shekara na zagayowa shugaban jaruman, Jean de Valette, ya aza harsashin sabon birni a kan wannan tudu, aka sa masa sunansa. Shi ya sa garin ya fi kama da sansani: tsoron dawowar Turkawa ne ya gina shi.

Daga nan sai babban titi zuwa majami'ar Saint John. Daga waje ba ta da wani ado, ciki kuwa ruwan zinariya ne daga bango har rufi, daɓen ƙasa kuma duwatsun kaburburan jarumai ne wajen 400. A nan zanen da mai zanen Italiya Caravaggio ya yi a 1608 yake, na fille kan Annabi Yahaya, zane ɗaya tilo da ya sa wa hannu. Ana biyan kuɗin shiga, ana so a rufe kafaɗu, layi kuma yakan yi tsawo da zarar jirage sun sauke mutane, saboda haka a yi sammako.

Gaskiya ne yarensu kamar Larabci yake?

Wannan ne abin da zai fi ba Bahaushe mamaki, kuma a ganina ya fi kowane gini. Larabawa sun ci tsibirin a shekarar 870. Mulki ya koma hannun Kiristoci daga 1091, a ƙarni na 13 aka kori sauran Musulmi, amma harshen ya zauna. Yau mafi yawan mutanen Malta 'yan Katolika ne, suna rubutu da boko, amma a coci Alla suke kira, azumin Kirista kuma sunansa Randan.

Duba ranakun mako a jikin ƙofar shago: it-Tnejn, it-Tlieta, l-Erbgħa, il-Ħamis, il-Ġimgħa, is-Sibt, il-Ħadd. Litinin ce zuwa Lahadi, ba sai an yi maka tafinta ba. Talatin, arba'in da hamsin su ne tletin, erbgħin da ħamsin. Yawancin allunan titi da kalmar Triq suke farawa, tushenta ɗaya da ɗariƙa, wato hanya. Mu aron kalmomi muka yi daga Larabci, su kuwa ƙashin bayan harshen ne Larabci, aron daga Italiyanci da Turanci suka yi. Na gode a wurinsu grazzi ne.

Lokaci zai isa a leƙa wani gari?

Ɗaya, ba biyu ba. Tsohon babban birni, Mdina, yana tsakiyar tsibirin, tafiyar kamar rabin awa a bas idan hanya ta yi kyau. Unguwar da ke bakin ƙofarsa sunanta Rabat. Sunayen kaɗai sun gaya maka su wa suka zauna a can. Idan jirginka zai tashi da la'asar, haƙura da Mdina, ka shiga ƙaramin kwale-kwale ka tsallaka zuwa Birgu, ɗaya daga garuruwa ukun nan, inda jaruman suka fara zama. A bar tsibirin Gozo sai wani jiƙon.

Abinci da salla fa?

Abin taɓawa da ake sayarwa ko'ina shi ne pastizzi, fulawa ce mai ɓawo-ɓawo da aka cusa wa cuku ko koren wake. A tambaya da wane mai aka yi, don wasu da kitsen alade suke yi. Farfesun zomo, abincin da suke alfahari da shi, da giya ake dafa shi galibi. Kifi ya fi kwanciyar hankali. Babban masallacin ƙasar yana Paola, tsallaken tashar, wanda aka gina da kuɗin Libiya. Wanda jirginsa ya tsaya ranar Juma'a tasi za ta kai shi.

Idan na makara, jirgi zai jira ni?

Ba zai jira ba, sai dai in kana cikin rangadin da shi ya shirya. Akan rufe shiga kamar rabin awa kafin tashi, kuma agogon jirgi ake bi, ba na wayarka ba. Wanda aka bari shi zai biya kuɗin tafiyar da zai cim ma jirgin a zango na gaba, daga tsibiri kuwa sai jirgin sama ko jirgin fito zuwa Sisili. Ka ɗauki hoton lokacin da aka rubuta a bakin ƙofar fita, ka riƙe katin ɗakinka da fasfo, ka kasance a layin lif saura awa ɗaya.